Dakta Mahmud Maina da maganar ƙwaƙwalwa: mu a Tasawa da Mayahi wa zai yi mana bayani?

Yau maganata a kan wani bawan Allah ce ɗan jihar Yobe ta Najeriya, maƙwabciyarmu ta wajen Damagaram da Difa. Sunansa Dakta Mahmud Bukar Maina, masanin ƙwaƙwalwa. Ya karanci ilimin sassan jikin ɗan Adam a Jami'ar Maiduguri, ya koyar a Jami'ar Jihar Gwambe, sannan ya tafi Ingila, Jami'ar Sussex, inda ya kammala digirin dakta a 2017.

Bincikensa a kan cutar mantuwa ne, wadda ake kira Alzaima, sunan likitan Jamus da ya fara bayyana ta a 1906. Cikin kan kowannenmu akwai ƙwayoyin jijiya wajen biliyan 86, suna aika wa juna saƙo. A wannan cuta wasu sinadarai biyu, amiloyid da tawu, suna dunƙulewa su taru, ƙwayoyin su riƙa mutuwa sannu a hankali. Daga nan tsoho ya fara manta inda ya aje buta, gaba ya manta hanyar gida, ƙarshe har ɗan da ya haifa ya tambaye shi "kai wane ne?" Shi Maina a kan tawu ya fi maida hankali.

Masu digiri irin wannan ai suna da yawa, kuma galibi in sun tafi sai dai a ga hotonsu cikin rigar sanyi. Abin da ya sa na ɗauko nasa daban ne. Tun yana karatu ya shiga aikin ƙungiyar TReND mai koyar da kimiyya a Afirka, yana zagaya makarantu, yana haɗa masana da ƴan jarida don su koyi yi wa jama'a bayani. A 2021 kuma aka buɗe cibiyar bincike ta BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu, bisa jagorancinsa. Damaturun da duniya ta sani da labarin Boko Haram, yau matasa na zuwa can koyon aiki da madubin ƙara girma na zamani.

Akwai dalilin da ya sa ya nace a yi binciken a gida. Yawancin abin da aka sani game da cutar mantuwa daga jikin Turawa aka samo shi, alhali jiki da jiki akwai bambanci. Wani dogon bincike da aka yi tsakanin Yarabawan Ibadan da baƙar fatar Indiyanapolis ta Amurka ya nuna cewa ƙwayar gadon da ke ƙara haɗarin cutar ƙwarai ga Turawa ba ta da wannan ƙarfi a Ibadan. To in haka ne, maganin da aka gwada can wa ya tabbatar zai yi mana daidai? Shi ya sa suke ɗaukar ƙwayoyin jikin mutanenmu, su juya su a ɗakin gwaji su koma ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, dabarar da ta sa Bajafane Shinya Yamanaka ya samu kyautar Nobel a 2012.

Yanzu mu dawo gida. Tsohuwa ta fara sambatu, tana fita da dare, tana kiran sunan matattu, me ake cewa? Wasu su ce rikicin tsufa, wasu kuma, Allah ya kiyaye, su ce maita ce ta fara tonon kanta. Matar da ta yi shekara sittin tana daka tana surfe, ƙarshenta yara su bi ta da jifa.

Farfaɗiya ta fi ma muni. Daga Korgom zuwa Urafan, daga Kanambakashe zuwa Sarkin Hausa, kowa ya san gidan da ke da mai ita. Yaro ya faɗi cikin aji, kowa ya watse, wai miyansa in ya taɓa ka ka ɗauka. Iyaye su cire shi daga lakwal, in yarinya ce maganar aure ta mutu. Wallahi farfaɗiya ba a ɗaukarta, ko ta miyau ko ta ci tare. Wutar saƙon ƙwaƙwalwa ce ke rikicewa na ɗan lokaci, kuma sau da yawa tana biyo bayan abubuwan da muka saba da su: doguwar naƙuda, masassarar cizon sauro da ta hau kai, sanƙarau na lokacin zafi, ko faɗuwa daga babur. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum wajen miliyan 50 ke da ita, kuma kusan bakwai cikin goma za su iya daina faɗuwa in suna shan magani yadda ya kamata. Ɗaya daga cikin magungunan, fenobarbital, ya haura shekara ɗari ana amfani da shi, kuma ba mai tsada ba ne. Amma sai a sayar da akuya a kai yaro wajen mai hayaƙi, likita kuwa ga ta nan bakin hanya.

Kada wani ya ce na ƙaryata aljannu. Mu musulmi ne, mun yi imani da su. Abin da nake cewa, ba kowace faɗuwa ce tasu ba, kuma addu'a ba ta hana zuwa likita. Haka lamarin ƴan matan kwalejoji da ke faɗuwa rututu, abin da ake kira "jeni cacar". A rufe makaranta kwana biyu, a yi sauka, a buɗe. Wa ya taɓa zama da yaran ya tambaye su ko sun karya kumallo, ko mutum nawa ke cunkushe cikin ajin zana a watan zafi, ko wacce ake shirin cirewa a yi mata aure?

Na san abin da wasu za su ce: mu da ke fama da tamowa da tsadar hatsi, ina mu ina ɗakin binciken ƙwaƙwalwa? Gaskiya ne, ba na cewa gobe a gina irin ta Damaturu a Mayahi. Ko ita ɗin ma sai da aka samu tallafin gwamnatin jiha da kayan aiki daga waje. Amma tamowar kanta maganar ƙwaƙwalwa ce, don a kwana dubu na farko, daga shigar ciki zuwa shekara biyu, ake gina mafi yawanta. Kuma rabin aikin Maina baki ne kawai, ba na'ura ba.

Bakin nan muna da shi. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi na yaye likitoci, cikinsu akwai ƴaƴan Tasawa da Mayahi. Matsalar ita ce sun yi karatu da Faransanci, in sun tashi bayani sai su yi wa manomi Faransanci. Ga gidajen rediyon karkara, ga WhatsApp da kowane ɗan kabu-kabu ke sauraro. Awa guda a mako, likita da limami su zauna tare a amsa tambayoyin jama'a da Hausa, nawa zai ci?

Kafin a kai can, mushe da madam na lakwal su riƙe wannan. In yaro ya faɗi, a janye shi daga wuta da ruwa, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kansa, kada a danne shi, kada a tura masa cokali ko tsumma a baki, kada a ba shi ruwa. In jijjigar ta lafa a kwantar da shi ta gefe. In ta wuce minti biyar, a nemi abin hawa zuwa likita nan take.