Kafin A Ɗauki Goyo A Nufi Ingila

Tun lokacin da samarinmu suka fara ƙetare teku neman ilmi, tambaya guda ce take hana magidanci barci in ya sami gurbin karatu ko aiki a Ingila, watau ko ya tafi da iyalinsa ko kuwa ya bar su gida. Tambayar takan ƙara nauyi idan akwai ɗan goye, ko yaron da bai isa shiga makaranta ba. A ganina tafiya tare ita ce ta fi alheri, amma fa ga wanda ya zauna ya yi lissafi tun kafin ya sayi tikiti, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Abu na farko shi ne doka. Daga ranar 1 ga Janairu, 2024, gwamnatin Birtaniya ta hana ɗalibai baƙi zuwa da matansu da 'ya'yansu, sai masu karatun bincike mai zurfi irin na digirin dakta, da waɗanda wata gwamnati ta ɗauki nauyin karatunsu. A watan Maris na 2024 kuma aka hana sababbin masu zuwa aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya zuwa da iyalansu. Wanda doka ta ba dama kuwa, akwai kuɗin asibiti da ake biya tare da kuɗin biza, wanda aka ɗaga a Fabrairun 2024 ya koma fam 776 a shekara a kan ɗalibi, da matarsa, da kowane yaro. Ke nan miji da mata da ɗa guda, masu zaman shekara uku, ba za su biya ƙasa da fam 6,984 ba tun ba su taka jirgi ba. Sa'an nan a tuna cewa bayan an saki darajar Naira a watan Yunin 2023, dalar da ake saye wajen Naira 460 ta haura Naira 1,500 a farkon 2024, har ɗalibanmu da dama suka kasa biyan kuɗin makaranta. Wanda ya dogara da aike daga gida, ya kamata ya sa wannan a lissafi.

Abu na biyu shi ne reno. A nan gida yaro na kowa ne. Uwa takan miƙa shi ga kaka, ko gwaggo, ko maƙwabciya, ta tafi unguwa hankalinta kwance. A can kuwa kowa ƙofarsa a rufe take, gidan reno kuma sai da kuɗi mai tsoka. Wannan matsala ba sabuwa ba ce. Tsakanin shekarun 1950 da na 1970, ɗalibai da yawa daga Afirka ta Yamma sun riƙa ba Turawa riƙon 'ya'yansu suna biyansu, su kuma su maida hankali ga karatu. Da dama daga cikin yaran nan sun tashi ba su jin harshen iyayensu, wasu ma da aka zo ɗaukarsu kuka suka yi, domin baƙi suke gani a gabansu. Dokar yara ta 1989 ta wajabta wa duk wanda ya ba wani, wanda ba ɗan'uwa na jini na kusa ba, riƙon yaro ɗan ƙasa da shekara 16 har kwana 28, ya sanar da ƙaramar hukuma. Kisan Victoria Climbié, yarinya 'yar shekara takwas daga ƙasar Kwaddibuwa, wadda ta mutu a Landan a shekarar 2000 a hannun 'yar'uwar da aka ba riƙonta, ya sa hukumomin can suka ƙara sa ido ƙwarai.

Haka nan horon yara. Sukotland ta haramta dukan yaro ɗungum a 2020, Wales ta bi sahu a 2022. A Ingila kanta, dukan da ya bar shaida a jiki laifi ne, haka kuma barin ƙaramin yaro shi kaɗai a gida cikin haɗari. Malamar makaranta ko likita in sun ga alama, wajibinsu ne su kai rahoto, kotu kuma tana da ikon raba yaro da iyayensa. Ba sai mutum ya yarda da hikimar dokar ba, amma in ka je gari ka tarar kowa da wutsiya, sai ka nemi taka ka ɗaura.

Wani kuskure da ya yaɗu shi ne zaton cewa duk ɗan da aka haifa a can ya zama ɗan ƙasa. Tun ranar 1 ga Janairu, 1983, aka daina wannan, sai in uwa ko uba ɗan ƙasa ne ko yana da izinin zama na dindindin. Ɗan ɗalibi dai ɗan Nijeriya ne bisa tsarin mulkinmu na 1999, saboda haka a hanzarta yi masa fasfo nasa na kansa.

Batun lafiya ma abin lura ne. Daga Oktoba zuwa Maris ranar can ba ta da ƙarfin da jiki zai samar da sinadarin bitamin D, baƙar fata kuma ta fi shan wahalar wannan rashi, wanda yakan jawo laushin ƙashi da gwame. Shi ya sa hukumar lafiyarsu take ba da shawarar a riƙa ba yaro ɗan shekara ɗaya zuwa huɗu maikirogiram 10 kullum. In an tashi zuwa gida hutu kuma, yaron da ya tashi a can jikinsa bai san zazzaɓin cizon sauro ba, don haka sai an nemi maganin rigakafi da gidan sauro, da allurar shawara wadda ake yi daga wata tara.

To, wasu za su ce tun da wahalar ta kai haka, me zai hana a bar yaro wurin kakarsa? Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, kuma ga wanda aljihunsa bai kai ba, barin iyali cikin dangi ya fi kai su ɗaki guda cikin sanyi da bashi. Amma shekara uku ko huɗu a rayuwar ɗan shekara biyu ba ƙaramin lokaci ba ne. A cikinsu ne yake koyon magana, yake sanin wane ne ubansa, kuma waya ba ta goya yaro. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wanda ya tafi da ɗansa kuwa, akwai amanar da ba wata hukuma da za ta riƙe masa, watau harshe. Turanci zai zo wa yaro da kansa daga makaranta da talabijin, har ya fi iyayensa. Hausa kuwa in ba a yi ta a ɗaki ba, ba inda zai ji ta. Abin takaici ne a dawo da jika wanda sai an yi masa tafinta kafin ya gai da kakarsa.

Muna kira ga hukumomin ba da tallafin karatu, na jihohi da na tarayya, su riƙa tara masu iyali kafin tafiya suna bayyana musu waɗannan dokoki, su kuma biya alawus a kan lokaci. Ƙungiyoyin mutanenmu da ke can su ma su riƙa tarbar sababbin zuwa, musamman matan da ke wuni su kaɗai da goyo. Digiri ana iya komawa a ƙaro shi, ƙuruciyar yaro kuwa sau ɗaya take zuwa.