Yadin Faransa Ko Yadin Indiya?

A ganina, duk ɗalibin harshe ya kamata ya dubi sunan da Faransawa suka raɗa wa yadin auduga mai zane a ƙarni na 17, wato “indiennes”, ma’ana ’yan Indiya. Sunan ya faɗi gaskiyar da masu yabon adon Faransa ba su cika faɗa ba.

Daga Indiya jiragen ruwa suka riƙa kawo yadin. Ba shi da nauyi, ga arha, kuma ko an wanke shi launinsa ba ya zuba, domin marinan Indiya sun san sinadarin da ke sa rini ya kama auduga. Mata suka ɗinka riguna da shi, aka yi labule, aka rufe kujeru da gadaje. Masaƙan siliki da na ulu suka ga kasuwarsu za ta mutu, sai suka kai kuka. A 1686 gwamnatin Sarki Luwi na 14 ta hana shigo da yadin da kwaikwayonsa, daga baya har da sa shi. To, wa ya isa ya raba mace da zanen da take so? Fasa-ƙwauri ya bunƙasa, har aka janye dokar a 1759.

Shekara guda bayan haka wani Bajamushe, Oberkampf, ya kafa masana’anta a garin Jouy kusa da fadar Versailles. Da katako sassaƙaƙƙe ya fara buga zane, sannan ya koma farantin tagulla, wanda ya ba da damar fitar da hoton makiyaya da itatuwa da tsuntsaye da launi guda, ja ko shuɗi, a kan farin ƙyalle. Mai zane Jean-Baptiste Huet ya yi masa aiki daga 1783. Ban musa ba, wannan salon hotuna nasu ne, kuma yana da kyau.

Amma mai karatu ya tuna da birnin Nantes. Can ma an buga irin wannan yadi da yawa, aka loda shi a jirage zuwa gaɓar Afirka ta Yamma, aka musanya shi da bayi. Masu masana’antun har nazarin launi da zanen da masu saye a Afirka suka fi so suke yi. Saboda haka idan za a koya mana tarihin yadin nan, ni dai ban yarda a tsaya a labulen Jouy a bar jiragen Nantes ba.