Kamba: Ciniki ya wuce zaman jiran masu wucewa

A watan Agustan 2019 aka rufe iyakar Kamba, hedikwatar ƙaramar hukumar Dandi a jihar Kebbi, ba a buɗe ta ba sai Afrilun 2022. A Agustan 2023, bayan juyin mulkin Nijar, aka sake garƙame ta. Ƙananan ’yan kasuwar da ke jiran matafiya sun ji jiki, haka ma takwarorinsu na Bagudo da ke iyaka da Benin.

Darasin shi ne, ɗan kasuwa na buƙatar masu sayen da za su neme shi ko da hanya a rufe take. Wayar hannu na iya samar masa da su. Mai shinkafa ko albasa da ke sanya farashin kowace rana a WhatsApp, a naira da sefa, tare da saƙon murya cikin Hausa da Zabarmanci, zai zama wanda dillalan Birnin Kebbi da Sakkwato ke fara kira.

Sharaɗin ɗaya ne: hoton kayan ya zama na gaskiya, mudu kuma ya cika. Wayar da ta jawo masu saye ita ce za ta yaɗa labarin algus kafin a tashi kasuwa.