Gas A Motocin Abuja: A Auna Kafin A Ɗaura

Tun daga ranar 29 ga watan Mayu, 2023, lokacin da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya bayyana janye tallafin man fetur, harkar sufuri a Birnin Tarayya Abuja ta shiga wani sabon hali. Ma'aikatan da ke kwana a Nyanya, Kubwa, Zuba da Gwagwalada suka ga kuɗin mota yana lashe albashinsu, direbobin tasi kuma suka ga cinikin yini yana ƙarewa a gidan mai. A watan Agusta na wannan shekarar Gwamnatin Tarayya ta kafa shirinta na mayar da motoci masu amfani da iskar gas ta CNG, wadda ta fi fetur rahusa, kuma Allah ya hore wa ƙasar nan ita a yalwace.

Babu shakka shirin yana da fa'ida. Amma nasararsa ta rataya ne a kan wani ɗan aiki da ba a cika zancensa a taron manya ba, wato auna mazaunin kowane ƙarfe, da tazarar da ke tsakaninsa da maƙwabcinsa, kafin a ɗaure noti.

Akasarin motocin da ake kaiwa gareji domin wannan aiki ba a ƙera su da mazaunin tukunyar gas ba. Kayan sukan zo ne daban: tukunya, ɗamarar ƙarfen da za ta riƙe ta, bututu, na'urar rage ƙarfin iska, da wayoyi. Bakanike ne zai nema wa kowanne wuri a jikin motar da sau da yawa ta riga ta tsufa. Ke nan aikinsa ya zama irin na masana'antar harhaɗa motoci, sai dai shi ba shi da zanen injiniya a gabansa.

Ƙasar nan ba baƙuwa ba ce ga harhaɗa mota. A shekarar 1975 kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna da sassan da ake kawowa daga Faransa cikin akwatuna. Akwai kuma Volkswagen a Legas, da Steyr a Bauchi, da masana'antar manyan motoci ta Kano, da ANAMMCO a Enugu. A irin waɗannan wurare kowane noti yana da iyakar ƙarfin da za a ɗaure shi, kuma mota ba ta fita sai mai duba aiki ya sa hannu. Wannan tarbiyya ce ya kyautu a dawo da ita, a shigar da ita garejoji, tun daga na Apo har zuwa na bayan gari.

Dalili kuwa a fili yake. Ana ɗura CNG ne da ƙarfin da ya kai ma'aunin ba 200, wato kusan ninki ɗari na iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota. Gas ɗin girki bai kai kashi ɗaya cikin goma na wannan ƙarfi ba, saboda haka tukunyarsa, ko wadda mai walda ya haɗa, ba za ta jure ba. An ga misali a watan Oktoba, 2024, lokacin da tukunyar wata mota ta fashe a wani gidan sayar da gas a birnin Benin, mutane suka ji rauni, hukumomi kuma suka ce tukunyar ba ta bisa ƙa'ida ba ce.

Sai dai ko tukunya mai inganci tana iya zama masifa idan an ɗaura ta da ka. Ƙa'ida mai lamba 110 ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan motoci masu amfani da gas ta fayyace awon dalla-dalla. Kada wani sashe na kayan gas ya kusanci salansa da ƙasa da milimita 100, sai in an sa masa garkuwar zafi. Kada tukunya ta yi ƙasa da milimita 200 daga kan titi. Kada jikinta ya riƙa gugar wani ƙarfe. A ƙaramar mota kuma, dole ɗaurin ya iya riƙe ninki 20 na nauyin tukunyar idan an yi karo ta gaba. Wato tukunya mai kilo 60 tana bukatar ɗaurin da zai riƙe kilo 1,200. Noti biyu da aka soka a ruɓaɓɓen ƙarfen but ba za su yi wannan aiki ba, alhali kuwa fasinjoji suna zaune a gabanta.

Bugu da ƙari, awon da aka yi mota tana tsaye fayau bai wadatar ba. Tukunyar ƙarfe takan fi buhun siminti nauyi, ta danne bayan mota. Idan aka ƙara fasinjoji da kaya, aka hau tudun rage gudu ko aka faɗa rami, tazarar da aka gani a gareji sai ta ɓace, bututu ya shiga gugar ƙarfe har ya huje. Don haka wajibi ne a loda motar, a murɗa sitiyari dama da hagu, a sake aunawa, sa'an nan a bi kowace mahaɗa da ruwan sabulu ko na'urar gano yoyo.

Wasu za su ce wannan duka ƙarin kuɗi ne da ɓata lokaci ga direban da ke neman na cefane, kuma kowane sabon bincike a ƙasar nan yakan zama ƙofar cin hanci. Wannan kuka yana da tushe. Amma araha ba ta ado. Tef ɗin awo da 'yar roba ba su kai kuɗin taya ɗaya ba, motar kuwa ita ce jarin direba baki ɗaya. Haɗari guda a tashar mota ya isa ya kori fasinjoji daga motocin gas, ya tsorata bankuna da kamfanonin inshora, ya kuma jawo asara ga waɗanda suka zuba jari a gidajen sayar da gas.

Saboda haka muna kira ga Hukumar Ƙira da Bunƙasa Motoci ta Ƙasa, NADDC, da Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, SON, su fitar da waɗannan awo a takarda guda, cikin Hausa da sauran harsunan ƙasa, a liƙa a kowane gareji. Kowace mota ta fita da takardar da ke ɗauke da lambar tukunya, ranar ƙare wa'adinta, da sunan bakaniken da ya ɗaura. Jami'an duba lafiyar motoci na Abuja su riƙa neman wannan takarda a ofis lokacin sabunta takardun mota, ba a bakin titi ba, kuma a kan kuɗin da aka bayyana wa kowa. Ƙungiyoyin kanikawa da na direbobi su ma su tsawata wa 'ya'yansu.

Shi kuma mai mota, haƙƙinsa ne ya tsaya a auna a gabansa kafin ya biya. Rigakafi ya fi magani.