Arzikin mai a Damagaram: wa ke magana da yawun Yekuwa?

Tun da aka buɗe matatar Soraz a arewacin birnin Damagaram a watan Nuwamban 2011, jihar ta shiga sahun masu mai, ko da yake rijiyoyin suna can Agadem a jihar Diffa. Matatar na iya tace ganga 20,000 a rana, kamfanin CNPC na ƙasar Sin na da kashi 60 cikin 100, gwamnati na da 40. Daga baya aka shimfiɗa bututun kusan kilomita 2,000 da ya ratsa jihar Damagaram zuwa Seme a ƙasar Benin, ya fara kai ɗanyen mai kasuwar duniya a 2024. To amma manomin gero da gyaɗa a Yekuwa ko Dungass, wa ya taɓa zaunar da shi ya faɗa masa abin da ya shigo asusun kwamin, balle a tambaye shi me za a yi da shi?

Ba doka aka rasa ba. Kundin tsarin mulkin 2010, a sashe na 152, ya ce a raba kuɗin albarkatun ƙasa tsakanin baitulmali da ƙananan hukumomi, dokar man fetur kuma ta ware kashi 15 cikin 100 ga yankin da ake haƙo man. Ƙungiyoyin farar hula irin su ROTAB sun daɗe suna kokawa cewa wannan kaso kan maƙale a Yamai ya zama bashi. Dalilin a fili yake: kuɗin da mai shi bai san adadinsa ba, ba zai iya bin sa ba. Yanzu ma lamarin ya ƙara tsauri, domin an jingine kundin bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, a Afrilun 2024 kuma aka rusa majalisun kwamin da na jihohi, aka naɗa kantomomi. Kantoma ko na kirki ne, wanda ya naɗa shi yake duba. Kansila kuwa, duk rauninsa, da shi ake zaman suna da jana'iza, a nan ake tare shi.

Za a ce Yekuwa ba ta da rijiyar mai ko ɗaya, mai kuma na 'yan ƙasa ne baki ɗaya. Haka ne, kuma wannan hujja ce a gare ta: in na kowa ne, ɗan Yekuwa ma yana da haƙƙin jin lissafi. Wasu kuma za su ce talakan ƙauye bai san kasafi ba. Mutanen da ke tafiyar da adashi, suna raba gado da zakkar amfanin gona har zuwa tiya, ba za su kasa gane wanda ya fi gaggawa tsakanin famfon burtsatse da sabuwar motar ofis ba.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne tura kuɗi ƙasa kan buɗe wa 'yan tsirarun gari ƙofar wawashewa. Maƙwabciyarmu Najeriya shaida ce. Jihohin Neja Delta na karɓar kashi 13 cikin 100 na kuɗin mai, an kafa musu hukumar NDDC a 2000, duk da haka ƙauyukan Ogoni na fama da gurɓataccen ruwa. Sai a 2021 dokar mai ta tilasta wa kamfanoni zuba kashi 3 cikin 100 na kuɗin gudanar da aikinsu a asusun al'ummomin da ke wurin. Abin da ya cinye kuɗin can duhu ne, an turo su ba tare da an turo lissafinsu ba.

Saboda haka abin da ya kamata a nema wa Yekuwa ba ya cin ko dala. Duk abin da ya shigo kwamin a liƙa shi a bangon ofishin magajin gari, a karanta shi da Hausa da Fulatanci a rediyon karkara, sannan kafin a ba da kwangila a yi zama a fili da masu gari, limamai, ƙungiyoyin mata, matasa da makiyaya. Kantoman da ke kan kujera yau zai iya fara wannan ran kasuwa mai zuwa, ba sai an jira zaɓe ba.