Jirgin ruwa ba ya jiran jirgin sama: a hannun wa ya kamata a yanki tikiti?

Wani zai ce me ya haɗa malamin lakwal da jirgin ruwan yawon shaƙatawa, mu da ko teku ba mu da ita. Gaskiya ne, albashinmu bai kai can ba. Sai dai tallar ta riga ta shigo wayoyinmu, kuma cikin iyayen ɗalibanmu akwai ƴan kasuwa da manyan ma'aikata da suka fara ƙyalla ido, musamman tun da aka fara irin wannan yawo daga Jidda: jirgin MSC Bellissima a 2021, sannan na Saudiyya, AROYA, a watan Disamban 2024. Mun kuma san yadda ake yi a unguwa. Duk takardar da ta zo da Faransanci ko Turanci, gidan mushe ake kai ta ya karanta, daga nan a ce ya ba da shawara. Saboda haka gara mu san abin da za mu faɗa.

Shi wannan jirgi otel ne mai tafiya a kan ruwa. Mutum ya biya ɗaki da abinci na mako guda, da dare jirgi na tafiya, da safe a wayi gari a wani birni. A tekun Bahar Rum zai iya tashi daga Barcelona ya je Marseille, ya wuce Genoa, ya tsaya Civitavecchia kusa da Roma, ya kewayo inda ya taso. Wanda ake kira Icon of the Seas, da ya fara aiki daga Miami a Janairun 2024, yana iya ɗaukar fasinja har 7,600. Jirgin da ke ɗauke da jama'ar da ta fi ta wasu garuruwanmu yawa ba zai tsaya jiran mutum ɗaya ba. An ba shi lokacin barin tasha, wani jirgin na jiran gurbin, kuma dole ya ci nisan da ke gabansa kafin asuba. Galibi da yamma yake tashi, ana kuma rufe karɓar fasinja sa'a ɗaya ko ɗaya da rabi kafin nan. Wanda bai zo ba, a ƙa'idar yawancin kamfanonin, kuɗinsa sun tafi gaba ɗaya.

Ke nan tambayar ita ce yadda za ka kai kanka bakin tasha a kan kari. Hanya biyu ce. Ko dai kamfanin jirgin ruwan ya yanko maka tikitin jirgin sama ya haɗa da nasa, ko kuwa ka shiga intanet ko wani ajans ka yanki naka da kanka. Manyan kamfanonin suna da tsarin farko, kowa da sunan da ya laƙaba masa: Royal Caribbean na da Air2Sea, Princess na da EZair, Carnival na da Fly2Fun. Ni a ganina, mai tasowa daga Nijar ya bi ta hannun kamfani duk inda hakan ya yiwu, ko da ya fi tsada. Ga dalilina.

Idan ka yanki tikitinka da kanka, ka ƙulla yarjejeniya biyu da mutum biyu da ba su san juna ba. Kamfanin jirgin sama ya yi maka alkawarin kai ka Barcelona, bai ce zai sa ka cikin jirgin ruwa ba. In ya kai ka washegari, a wurinsa ya cika alkawari da ɗan jinkiri. Shi kuma na ruwa ya ajiye maka ɗaki, kai ne ba ka zo ba. Kowa ya wanke hannunsa, kai kana tsaye da akwati a bakin teku. Abin da ya rage maka shi ne ka sayi wani tikiti na gaggawa zuwa birni na gaba, ka kwana a otel da kuɗinka, ka roƙi Allah su yarda ka hau a can. Idan kuwa ta hannun kamfanin ka biyo, jirgin ba zai jira ka ba, kada wani ya ruɗe ka da wannan. Amma su suka zaɓa maka jirgin da ya makara, don haka su za su nema maka wani, su yi ƙoƙarin riskar da kai a tasha ta gaba. Ƙarin kuɗin da ka biya, na samun wanda za ka riƙe wa riga ne.

Masu cewa a yi da kai sukan kawo dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta 2004, wadda ta tilasta wa kamfanin jirgin sama biyan diyya in ya makarar da fasinja sa'a uku ko fiye. Doka ce mai kyau, amma mu karanta ta har ƙasa kamar yadda muke ce wa yara su karanta tambaya. Mafi yawan diyyar Yuro 600 ne, wajen jika 393 na sefa, abin da sau da yawa ba ya maida kuɗin ɗakin mako guda balle sauran ɗawainiya. Tana aiki ne a kan jirgin da ya taso daga ƙasar Tarayyar, ko jirgin kamfanin Turai da ke shiga cikinta. Wanda ya biyo ta Kasabalanka ko Istambul a jirgin kamfanin da ba na Tarayyar ba, a tafiyarsa ta zuwa dokar ba ta san da shi ba. Bugu da ƙari, in mugun yanayi ne ko yajin aikin masu kula da sararin sama ya jawo jinkirin, babu diyyar. Akwai wata dokar tasu ta 2015, da ta fara aiki a Yulin 2018, wadda ta ce duk wanda ya sayar maka da tafiya a dunƙule, jirgi da masauki cikin farashi ɗaya, shi ke da alhakin kowane ɓangare. Wannan ce ta fi amfani ga matafiyi, kuma mai tikiti daban-daban ba ya cikin inuwarta.

A duba kuma inda muke tasowa. Mutumin Paris da zai hau jirgin ruwa a Marseille, jirgin ƙasa ya kai shi cikin sa'a uku da ɗoriya, in ya rasa na safe akwai na hantsi. Shi kam ya yi yadda ya so. Na Maraɗi fa? Sai ya ci kilomita wajen 660 a mota zuwa Yamai, na Damagaram kusan 900. Daga filin jirgin Diori Hamani ya tashi zuwa Kasabalanka ko Istambul ko Adis Ababa, ya jira, ya sake hawa wani, sannan ya nemi motar da za ta kai shi bakin ruwa. Ƙulli huɗu ne a igiya ɗaya, kowanne ya kwance, guga ta faɗa rijiya. Kuma jiragen da ke tashi daga Yamai ba kamar motocin tasha ba ne da za a ce in wannan ta wuce wata na lodi. Rasa jirgi ɗaya na iya zama kwana ɗaya ko biyu.

Mun gani da idonmu. A 23 ga Satumban 2022 masu kula da zirga-zirgar jirage na ASECNA suka shiga yajin aiki, jirage suka tsaya cik a ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. A 6 ga Agustan 2023 aka rufe sararin samaniyar Nijar, ba a buɗe wa jiragen fasinja ba sai 4 ga Satumba, wato a tsakiyar babban hutu, lokacin da mai yara ke iya tafiya. Kowace shekara kuma ga hazon hunturu da ke hana jirgi sauka. Can waje ma haka: a Afrilun 2010 tokar dutsen da ya yi aman wuta a Iceland ta rufe sararin Turai kusan mako guda, aka soke tashin jirage wajen 100,000. A 19 ga Yulin 2024 kuskure ɗaya cikin manhajar kamfanin CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutoci a duniya, kamfanin Delta kaɗai ya soke tashi kusan 7,000 cikin kwana biyar. Duk a ranakun nan jiragen ruwa ba su fasa barin tasha ba. Ga kuma ranar da kamfani ke karyewa. Da Thomas Cook ya rushe a Satumban 2019, ƴan Ingila da suka sayi tafiya a dunƙule sun sami kuɗinsu ta hanyar asusun kariya na ATOL, waɗanda suka sayi tikitin jirgi zalla kuwa sai da suka koma neman hakkinsu wurin banki ko inshora.

Ba na ɓoye cewa bi ta hannun kamfani na da nasa ciwon kai. Wani lokaci ya fi tsada. A wasu tsare-tsaren su ke zaɓa maka jirgi, ba ka sanin lokacin tashi sai tafiya ta matso, su iya bi da kai ta doguwar hanya, ko su raba ka kujera da iyalinka. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne sukan sauke mutum a ranar da jirgin ruwan zai tashi, saboda sun dogara da alkawarinsu na riskarwa. To wa ya biya kuɗin kwana bakwai don ya ci biyar? Alkawarin ma yana da iyaka. A Amurka akwai dokar 1886 da ta hana jirgi mai tutar wata ƙasa ɗaukar fasinja daga tashar Amurka ya sauke shi a wata tashar Amurka, shi ya sa wanda ya rasa jirgi a can ba kullum ake barinsa ya hau a tasha ta gaba ba. In kuma kwana biyun farko duk a tsakiyar teku ne, babu tashar da za a riskar da kai.

Sannan waɗannan tsare-tsare an gina su ne domin mutanen Amurka da Turai. Tambaya ta farko da za ka yi ita ce ko tikitin nasu daga Yamai ya fara. In suka ce daga Kasabalanka ko Paris, to ka sani ƙulli mafi rauni yana hannunka, kariyar ba ta rufe shi ba.

A nan ne nake son ƴan'uwana malamai su buɗe ido in an kawo musu takarda. Wani ajans zai ce "komai a ciki", alhali tikiti biyu ko uku ya saya daban-daban ya maƙale da ƙusa ɗaya. Yadda ake ganewa ba wuya. A duba lambar ajiyar kujera, wadda galibi haruffa da lambobi shida ce: in ɗaya ce tun daga Yamai har inda za a sauka, kamfanin jirgi ke da alhakin haɗa ka da jirgi na biyu in na farko ya makara. In biyu ce, kowanne zaman kansa yake. Mai tikiti biyu dole ya karɓi kayansa a tsakiya ya sake awo, wani wurin ma sai da bizar shiga ƙasar. In ya rasa jirgi na biyu, ana rubuta shi cikin waɗanda ba su zo ba, kuma a al'adar kamfanoni har tikitin dawowarsa na iya sokewa. Sai a tambayi mai ajans, in jirgi ya makara wa zai biya, a ce ya nuna a rubuce. In ya ce "ai insha Allahu ba abin da zai faru", mu ma muna fata, amma a rubuta.

Ko ta wace hanya mutum ya bi, abin da ba na sassauci a kansa shi ne kwana biyu. Bature na cewa a iso kwana ɗaya kafin tashi, mu namu biyu ne. Kamfanonin kan yarda a gusar da ranar tikiti in an nema da wuri, wani lokaci da ɗan ƙarin kuɗi. Mu yi lissafi irin na aji, da alƙaluman misali. A ce ɗaki a jirgi jika 600, tikitin sama jika 500, bizar Schengen Yuro 90 tun Yunin 2024, wajen jika 59, wadda ba a maidawa. A ce kwana biyu a otel jika 120. Wanda ya ƙi biyan 120 ya jefa fiye da miliyan ɗaya cikin caca, kuma sau yawan mutanen da ke tare da shi. Akwatin da ya ɓata a hanya ma, kwana biyun nan ne ke ba shi damar riskar mai shi. Game da biza, in jirgin zai tsaya a Tunis ya komo Italiya, mai shiga sau da yawa ake nema, ba ta shiga ɗaya ba.

Dawowa ta fi sauƙi amma ita ma da tarko. Jirgi kan iso tasha da sassafe, sai dai sauke dubban mutane na kai wa hantsi, daga Civitavecchia zuwa filin jirgin Fiumicino kuma kusan sa'a guda ce a mota. Kada a ɗauki jirgin da zai tashi kafin azahar. Mai yara kuma kada ya sa dawowa daren komawa lakwal, don mu ne ke ganin kujerun da ba kowa a makon farko na Oktoba.

Yawancin masu karanta wannan ba za su hau jirgin ruwa bana ba. Amma da yawa za su tura ɗa ko ɗiya karatu Maroko, Aljeriya ko Turkiyya, wasu za su aika tsohuwa Umra. Ranar rufe rajistar jami'a ita ma ba ta jira, kuma yaron da bai taɓa hawa jirgi ba shi ne zai tsaya shi kaɗai a filin jirgin wata ƙasa da tikiti biyu a hannu, saboda an ga rangwamen jika 40 a intanet. A nema masa lamba ɗaya daga Yamai har can, a tura shi da sauran kwanaki a gaba, a rubuta masa lambar wayar wanda ya sayar da tikitin a takarda, ba cikin waya kaɗai ba, don caji na ƙarewa.