Kalangu Ba Ya Cikin Fiyano

Duk lokacin da aka gama girbi aka shiga bukukuwa a ƙauyukanmu na Dambatta, Makoɗa, Bichi da Kunci, sai tsohuwar gardama ta taso a majalisar masu kiɗa. Yayyenmu masu fiyano su ce kiɗan kwamfuta ba kiɗa ba ne, wasan yara ne, wai mun zauna muna dangwala akwatuna a allo kamar masu buga ludo. Mun daɗe muna yin shiru don kunya. Yau dai za mu amsa.

Abin da ake faɗa a kansa abu ɗaya ne a wuri biyu: na'urar jera kiɗa. Aikinta ta riƙe wane sauti aka buga, a wane lokaci, da wane ƙarfi, sannan ta maimaita shi layi bisa layi, ganga a nan, sarewa a can. A fiyanon Yamaha tana cikin jikinsa. A kwamfuta kuwa manhaja ce, irin su FL Studio na kamfanin Image-Line da ke Beljiyam, wanda da can ake kira Fruity Loops, ko Cubase na Jamus. Ashe mai fiyano ma da na'ura yake aiki. Laifi tudu ne.

Mun san darajar fiyano. Shi ya ɗauki waƙoƙin finafinan Hausa a ƙarshen shekarun 1990, zamanin da Sangaya ya fito a 1999 ya cika gidaje. Mun kuma san amfaninsa a karkara. Ka kunna shi, nan take ya tashi. Ba ya kamuwa da bairos, ba ya sandarewa ana tsakiyar kamu, ƙurar hunturu ba ta saurin kayar da shi, kuma batir da ɗan faifan sola sun ishe shi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wanda yake tayar da janareta don ya yi aiki ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce. A filin biki, fiyano ya fi laftof, mun yarda.

To amma a tambayi masu fiyano: wane kiɗa ne a cikinsa? Kamfanin Japan ne ya ƙera shi, aka zuba masa kaɗe-kaɗen Turawa, na Latin da na gabas. Ƙananan da kuɗinmu ke iya saye ba su san kalangu ba, ba su san kotso ba, ba su san gangar noma da ake yi wa gayya ba. Sai mai kiɗa ya nemo wani sauti mai kama da su ya lallaɓa. Shekara da shekaru ana lallaɓawa, har kunnen yaranmu ya ɗauka cewa wannan ƙaran-ƙaran ɗin shi ne kiɗan Hausa. Shi ya sa waƙar biki a Bagwai da ta Tsanyawa da ta Zoo Road duk suka zama uwa ɗaya uba ɗaya.

Kalangu magana yake yi. Makaɗi yana matsa igiyoyinsa a hammata, sauti ya hau ya sauka yadda karin harshen Hausa ke hawa da sauka, har ya kira taken mutum a gane shi. Da shi Mamman Shata ya yi zamaninsa har ya rasu a 1999. Maɓallin fiyano kuwa tsani ne mai ƙayyadaddun matakai, kalangu kuma a tsakanin matakan yake yawo. Akwai manyan fiyano da ke karɓar sautin waje, amma kuɗinsu sai a sayar da sa.

A nan ne manhaja ta yi wa fiyano nisa. Da tsohuwar laftof da makirfo ɗaya, ko ma wayar hannu da aka sayo a Farm Centre mai ɗauke da FL Studio Mobile, za mu iya zuwa gidan tsohon makaɗin mahauta na garinmu, mu naɗi hannunsa na gaske, mu ɗora shi a layi na farko, sauran kiɗa su bi bayansa. Za mu iya naɗar ƙwaryar matan cikin gida da izininsu, da shantu, da kukuma. Waɗannan tsofaffi suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, 'ya'yansu kuma sun kama acaba ko sun tafi ci-rani. Duk wanda aka binne ba a naɗi kiɗansa ba, ya tafi da shi.

Mu ma muna da namu laifin, kuma ba za mu ɓoye ba. Da yawanmu sun samu wannan dama suka ɓarar, suna sauke kaɗe-kaɗen Legas da na Afirka ta Kudu daga intanet suna liƙa muryarsu a kai. Wasu kuma sun naɗi kalangu, sai suka danna umarnin da ke daidaita kowane bugu a kan layin awo, suka kashe ɗan jinkiri da ɗan gaggawar da ke sa ƙafa ta motsa. Wanda ya yi haka ya mayar da kwamfuta fiyano, bai tsinana komai ba. Wasu sun naɗi tsoho suka ba shi kuɗin goro, waƙa ta karɓu, ba su ko ambaci sunansa ba. Wannan zalunci ne.

Saboda haka ga matsayinmu. Ƙanenmu da ya sayar da buhunan gero ko gyaɗa yana shirin shiga Kano sayen kayan kiɗa, idan wasan biki zai riƙa yi, ya sayi fiyano, Allah ya ba da sa'a. Idan kuwa waƙa yake son haɗawa da za a ji ƙasarsa a cikinta, ya nemi laftof da makirfo da faifan sola, ya ware kason makaɗi tun kafin a fara, ya rubuta sunansa a jikin waƙar.

Ku kuma yayyenmu, ku tuna abin da masu kalangu suka faɗa a kanku ranar da kuka shigo da fiyano gari. Shi ne kuke faɗa mana yau. Ku zo da yatsunku da suka ƙware, a jona fiyanon da kwamfutar, tunda akwai wayar MIDI da ke haɗa su tun 1983, mu tafi gidan tsohon tare tun yana da ƙarfin matsa kalangu.